Ruwan Ɗumi a Kabarin Fidda

Da sassafen wata Alhamis, cikin sanyin Disamba mai ƙagar da yatsu, Hazim ya fara ganin Wijdan, kuma da farko bai ɗauka mutum ba ce.

Ni ban ga laifinsa ba. Bayan katangar maƙabartarmu ta Rujaima ba wurin tsayawa ba ne da farar safiya. Ta nan babban bututu ya bi, wanda ke kai ruwa daga tashar lantarki zuwa gonakin gabas, kuma a nan aka sa masa ɗan famfo na fitar da iska. In sanyi ya sauka sai tururi ya tashi daga wurin, ya haura katanga, ya kwanta tsakanin kaburbura. Tsofaffin garin suna da abin da suke faɗa game da tururin nan, ni dai bakina ba zai maimaita ba.

Hazim yana zagayen duba bututu, aikinsa na kullum, sai ya hango baƙar abaya tsugune cikin farin tururi, ba kai ba ƙafa. Ya karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa. Can sai abayar ta yi atishawa.

"Alhamdu lillahi," in ji Hazim.

Ta juyo, hancinta ya yi ja don sanyi. "Ni na yi atishawa, kai kake hamdala?"

"Hamdala nake da kika zama mutum."

"Da ka ɗauka mece ce?"

"Kada ki sa in faɗa a nan wurin."

Ta danne dariya, ta ci gaba da tara ruwa a wata shuɗiyar jarka. Ya daɗe yana kallon yadda tururin ke zagaya fuskarta kafin ya tuna shi ma'aikaci ne.

"Wannan ruwan fa ba na sha ba ne."

"Na ce maka sha zan yi?"

"A'a."

"To."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma a nan ya yi kuskuren da ya kusa raba shi da ita. Ruwan nan na gidajen birnin Zarƙa ne, na wanka da wanki da na bayan gida. Ana tace shi a matata har ya yi garau, babu launi babu wari, sannan a bi da shi ta tashar lantarki ya kwashe zafin injina, ya fito da ɗuminsa ya tafi rumfunan leda na noman tumatir da gonakin ciyawa. Da akwai allon gargaɗi a kan famfon, 'yan gwangwan suka yi gaba da shi tun bara. Hazim ya yi wa manyan baƙi wannan bayani ya fi sau hamsin ba tare da ya ƙifta ido ba. Amma a gaban yarinyar nan, wallahi kalmar bayan gida ta ƙi fita daga bakinsa. Ya ce wa ransa furanni za ta ba.

Ba furanni ba ne. Wijdan 'yar Abu Nayif ce, watanta biyu da dawowa daga birnin Irbid inda ta yi shekara huɗu tana karatun jinya a gidan gwaggonta. Abin da ta sani kawai, ruwan ɗumi ne daga tashar lantarki. Ta ɗauki jarkarta, ta zagaya ta ƙofar maƙabarta, ta zuba shi a kabarin mahaifiyarta Fidda.

Alhamis ta gaba Hazim ya gano cewa bututun bayan maƙabarta yana bukatar dubawa ta musamman. Ta ukun ya zo da shayi a filas. Ta huɗun ya samu lambar wayarta, bayan ta sa ya rantse ba zai dame ta a wurin aiki ba. Kafin azahar ya karya rantsuwar.

"Mai jarka, kin isa asibiti lafiya?"

"Injiniyan tururi, ba ka da aikin yi ne?"

"Ina da shi. Tumatir dubu tara na jira na. Na ce su yi haƙuri."

"Allah sarki tumatir. Ka koma wurinsu, ni ina da mai karaya a gabana."

"Ki gaya masa ba shi kaɗai ba ne."

Ta karanta, ta kife wayar a kan tebur, ta yi ta murmushi har mai karayar ya tambaye ta ko ƙafarsa ce ke ba ta dariya.

Alhamis ta biyar ce ya ce zai ɗaukar mata jarkar. Ya bi bayanta yana zolayarta, yana zaton gida za su nufa. Sai ya ga ta karya kwana ta shiga ƙofar maƙabarta.

Shekarar nan ruwan sama ya yi jinkiri, ƙasa duk ta yi fari fat. Kaburbura a jere, busassu, sai guda ɗaya can kusa da katanga da ciyawa ta rufe shi kore shar. Hazim ya gane tun kafin ta yi magana.

"Ka gaishe ta," in ji Wijdan a hankali. "Mamata ce."

Ya yi sallama da muryar da shi kansa bai gane ba.

"Har na shiga sakandare ita ke dafa min ruwan wanka," ta ce tana cire busassun ganye daga kan ciyawar. "Ranar da na dawo na zo da ruwan gida zan zuba mata, na taɓa na ji kamar ƙanƙara. Na kasa. Sai na ga famfon nan yana tururi." Ta ɗago ta dube shi. "Zuba mata, Hazim. Ina so ta san ka."

A nan ya kamata ya buɗe baki, kuma ba zan rufa masa ba. Ya dubi idanunta da suka cika da ƙwalla, ya dubi kabarin, ya nemi kalmar da ba za ta kashe ta a tsaye ba, bai samu ba. Ya buɗe murfin jarkar, ya zuba da hannunsa. Tururi ya tashi daga ciyawar ya shige masa hannun riga.

Ran nan da yamma ya garƙame famfon da kwaɗo. Ya rubuta mata:

"Ofis sun hana taɓa famfon. Amma kada ki damu, ruhina. Daga yau ni zan riƙa kawo miki ruwan."

"Da ɗumi?"

"Da ɗumi."

Haka ya riƙa yi. Duk Alhamis ya dafa ruwan gidansu mai tsabta a babbar tukunyar mahaifiyarsa, ya naɗe jarkar da tsohon bargo. Mahaifiyar ta ce ita dai ta ga samari suna kai turare da zobe, ba ta taɓa ganin mai kai ruwan zafi ba. Ya yi dariya, amma barcinsa ya ragu.

Shi kuwa Abu Nayif tsohon soja ne, mutum mai magana ɗaya. Lokacin da aka raba wa manoma ruwan bututun, shi kaɗai a layinsu ya ƙi, zaituninsa na bushewa yana kallo. Tumatirin rumfa ba ya shiga gidansa. Malamai sun faɗa a masallaci cewa ruwan da aka tace har launinsa da warinsa da ɗanɗanonsa suka tafi ya tsarkaka. Ya ce ya ji, amma cikinsa bai ji ba.

Wata safiya yana wucewa da tumakinsa ya leƙa ta saman katanga, ya ga kore a inda matarsa take. Bayan kwana uku ya zauna karin kumallo bai taɓa burodi ba.

"Na ga mamarku," ya ce wa Wijdan da wanta Nayif. "Tana tsaye a bakin ƙofar kicin. Rigarta a jiƙe sharkaf, tana ɗiga. Ba ta ce komai ba, kallona kawai take." Ya murza gemunsa. "Bututun ƙazantar nan ne ke yoyo a kanta."

Wijdan ta buɗe baki za ta ce ita ce, sai ta tuna ya hana ta zuwa maƙabarta ita kaɗai tun da ta dawo. Ta ce a ranta ai ruwa mai kyau take zubawa, in ransa ya huce za ta faɗa masa.

A makon ne mahaifiyar Hazim da ƙanwarta suka zo ganin gida, kamar yadda mata kan fara. An ba su shayi, an karrama su. Da maganar ta kai kunnen Abu Nayif sai ya ce, "Mai bututu? Ya fara cire ƙazantarsa daga kan uwar, sannan ya zo neman 'yar."

Ya kai ƙara wurin hukumar gari. Aka zo aka haƙa rami tsawon katangar, Hazim a ciki har gwiwa, Abu Nayif a tsaye a kansa da sandarsa. Bututun lafiya lau. Ƙasar da ke kewaye da shi busasshiya ƙayau.

Kowa ya ɗauka magana ta ƙare, ashe nan ta fara. In bututu ba ya yoyo, to wane ruwa ne ke jiƙa Fidda? Mata suka kama zancen a wurin biki da wurin makoki. Wasu suka ce alamar rahama ce. Wasu, Allah ya shirye su, suka ce kowa da abin da ya tafi da shi. Abu Nayif ya daina zuwa majalisa, rigarsa ta fara yi masa yawa, kuma duk safiya sai ya faɗi mafarkin nan, iri ɗaya, ba ragi ba ƙari.

Sai ga Sattam, ɗan baffan Wijdan, mai tankar sayar da ruwan rijiya. Tun tana 'yar makaranta yake cewa tasa ce, ita kuwa ko a wasa ba ta taɓa amsa masa ba. Aikin bututu ya rage masa kasuwa, ga shi kuma mai bututun zai ɗauke masa yarinya. Ya tare ta a hanyar asibiti, ya sauke gilashin motarsa.

"'Yar baffa, daga saman motar nan ana ganin abubuwa. Na gan ki da jarka a bayan maƙabarta tun Disamba."

"Sai aka yi yaya?"

"Kin san ruwan mene ne?"

"Na tashar lantarki."

"Kafin ya je tashar fa?" Ya gaya mata, da kalmomin da ya zaɓo mafi muni, bai rage ko ɗaya ba. "Injiniyanki ya sani tun ranar farko. Ni dai ba zan gaya wa Baffa ba. Asirin matar da zan aura ai ni zan rufa shi."

Ba ta san yadda ta isa asibiti ba. Ta tsaya a wurin wanke hannu tana cuɗa tafukanta da sabulu har abokiyar aikinta ta zo ta kashe famfon. Sannan ta ɗauki waya.

"Ruwan famfon nan, daga ina yake zuwa kafin tasha?"

Ta tura wa Hazim. Sai ga amsarsa:

"Wa ya gaya miki?"

"Ashe gaskiya ne."

"An tace shi, Wijdan. Wallahi ya fi na wasu rijiyoyin tsabta. Bari in zo in yi miki bayani."

"Ka tsaya a gabanta ka zuba. Na ce ina so ta san ka. To ta san ka."

"Kunya ce ta hana ni ran farko, daga baya tsoro. Ban da wata hujja. Ki zage ni, amma kada ki yi shiru."

Shirun ta yi. Kwana goma sha ɗaya yana aikowa, tana gani ba ta buɗewa. Alhamis biyu suka wuce ba ta taka maƙabarta ba, ba ta da fuskar da za ta kai. In ta shiga kicin sai ta kasa kallon bakin ƙofar. Wani lokacin takan ji kamar ana ɗigar ruwa a bayanta, ta juya ta ga famfo a rufe. Ta tsani Hazim da safe, da rana ta yi kewarsa har ta rasa inda za ta sa kanta, kuma ta fi tsanar kanta a kan kowa. Ga mahaifinta yana ramewa a gabanta saboda maganar da ke cikin bakinta.

Sattam kuma ya zo da shawara a gaban kowa: a kwashe ƙasar saman kabarin da ciyawarta a zubar, a kawo sabuwa, a dafe da siminti. Abu Nayif ya ce a bari sai bayan Juma'a.

A rana ta goma sha biyu ta buɗe saƙon ƙarshe.

"Ranar Laraba bayan la'asar kawuna zai zo da mutane gidanku. Ba don in tilasta miki za mu zo ba. In kin ce a'a, a'a ce. Amma mahaifinki ba zai ci gaba da kwana da tambayar nan ba. Sunanki ba zai fito daga bakina ba, hasken idona."

A wurinmu ba a tara dattawa a je neman aure sai an san amsar tun daga gida. Kawun Hazim, Abu Mamduh, ya gaya masa haka sau uku, ya ce zai zubar masa da mutunci a gaban mutane. Da ya ga yaron ba ya ci ba ya sha, sai ya ɗauki mayafinsa ya tara mutum goma sha biyu.

Abu Nayif bai kore su ba, ba a korar baƙi. Aka zauna a ɗakin baƙi, Sattam a gefe yana wasa da makullin mota. Nayif ya zuba gahawa ya miƙa wa Abu Mamduh. Dattijon ya karɓa, bai kai baki ba, ya ajiye kofin a ƙasa a gabansa.

"Sha gahawarka, Abu Mamduh," in ji mai gida.

"Ba za mu sha ba sai an biya mana bukatar da ta kawo mu. Muna nema wa ɗanmu Hazim 'yarku Wijdan, bisa sunnar Manzon Allah."

Aka yi salati. Abu Nayif ya daɗe yana kallon kofin.

"Kun fi ƙarfin in kunyata ku," ya ce. "Amma ni mutum ne da matarsa ke zuwar masa a jiƙe kullum. An ce ɗanku ya san ruwa. Ya gaya min wane ruwa ne a kan matata, sai ku sha."

Mai neman aure ba ya magana a irin wannan zama, nasa sunkuyar da kai. Hazim ya miƙe. Kawunsa ya ja masa riga, ya zame.

"Baffa, ruwan bututu ne. Ba yoyo ya yi ba. Daga famfon bayan katanga aka ɗebo a jarka, ni na zuba da hannuna, kuma na san ko wane ruwa ne lokacin da nake zubawa."

Nayif ya yunƙura, mahaifinsa ya dakatar da shi da hannu.

"Me matata ta yi maka?"

"Ba ta yi min komai ba."

"Sau nawa ka zuba?"

"Sau ɗaya."

Abu Nayif ya girgiza kai. "Yaro, na yi shekara arba'in ina shuka a ƙasar nan. Jarka ɗaya ba ta fitar da ciyawa. Wa kake rufa wa asiri?"

Hazim ya dubi ƙasa. "Abin da na yi shi na faɗa."

"Sauran ni ce, Baba."

Muryar daga bakin ƙofar cikin gida ta fito. Wijdan na tsaye riƙe da labule. Dattawa suka kawar da kai, suka kama kallon darduma. Makullin Sattam ya daina ƙara.

"Tun da na dawo nake zuwa, duk Alhamis. Ban san ko wane ruwa ba ne. Shi da ya gano, ya rufe famfon, ya koma dafo min na gidansu. Laifinsa bai faɗa min ba. Laifina ban faɗa maka ba, ina kallo kana ramewa."

"Ga ruwa a gida," in ji Abu Nayif, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Me ya kai ki can?"

"Na gida da sanyi, Baba. Wancan da ɗumi."

Abu Nayif ya dafa sandarsa ya tashi.

"Abu Mamduh, ku gafarce ni, ku ɗan jira. Nayif, in gahawar ta huce ka canza musu." Ya dubi 'yarsa, ya dubi Hazim. "Ku biyun, ku biyo ni."

Rana ta yi ƙasa lokacin da suka isa. A ƙofar maƙabarta tsohon ya tsaya cak, hannunsa a kan ƙarfen.

"Tun ranar da muka kawo ta ban ƙara wuce ƙofar nan ba," ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba. "Shekara uku. Na je yaƙi ban ji tsoro ba, amma nan na kasa. Sai dai in leƙa ta katanga kamar ɓarawo. Ke ma don kada ki ce in raka ki na hana ki."

Wijdan ta kama hannunsa, suka shiga tare. Hazim ya tsaya nesa kaɗan. Ciyawar ta fara yin rawaya a bakin-baki, Alhamis biyu ba ruwa. Abu Nayif ya durƙusa da ƙyar, ya ɗora tafinsa a kanta.

"Fidda, ni ne. Na makara." Ya sunkuyar da kai. "Yarinyarki ta kawo miki abin da ta ga ya fi, ba ta sani ba. Wancan kuma kunya ta sa shi wauta. Ni da na tsaya ina zaɓar ruwa mai tsarki, ko kofi ɗaya ban kawo miki ba. Ki yafe mana, ni ne gaba."

Ya yi kuka, kukan tsoho mara sauti, Wijdan ta rungume kafaɗarsa tana nata. Da ya natsu ya share fuska da gefen mayafinsa, ya yafito Hazim.

"Zo nan, mai bututu. Ka ce ruwan gidanku kake dafowa?"

"E, Baffa."

"Gobe Alhamis. Ka kawo jarka uku, ni zan zuba ta farko." Ya shafa ciyawar. "Kuma ba mai kawo min siminti nan. A bar mata abinta."

Da suka koma, an canza gahawa har sau uku, Sattam kuma ya tuna yana da ruwan da zai kai wani gari. Abu Nayif ya zauna a wurinsa, ya dubi 'yarsa da ke bakin labule.

"Kina son sa, ko in sallame su?"

"Ina fushi da shi, Baba."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Ta rufe fuska da labulen. "Ina son sa."

"Abu Mamduh, sha gahawarka. Mun ba ku."

Dattijon ya kurɓe kofin gaba ɗaya, ya ce bai taɓa shan gahawar da ya sha wuya a kanta kamar wannan ba. Aka karanta Fatiha, guɗa ta tashi daga cikin gida. Kafin baƙi su gama sa takalma wayar Hazim ta yi ƙara.

"Daga yau ko abin da za ka faɗa zai kashe ni, ka faɗa."

"Na yi alkawari, ruhina. Na farko: mako biyu ban ci abincin kirki ba."

"Ya yi maka kyau."

Aka ɗaura aure cikin Afrilu, bayan ruwan sama ya sauka duk maƙabartar ta yi kore, har ba a bambanta kabarin Fidda da na maƙwabtanta. An dafa mansaf, wato shinkafa da nama, na raguna shida, an yi rawa kafaɗa da kafaɗa har ƙura ta tashi. Abu Nayif dai har ranar bai ci tumatirin rumfa ba, kuma surukinsa bai matsa masa ba.

Da za a fita da amarya, ya zo ya yafa mata alkyabbarsa kamar yadda uba ke yi. Ta riƙe hannunsa ta tambaye shi a hankali.

"Baba, har yanzu kana ganinta?"

"Ina ganinta."

"Rigar a jiƙe?"

Ya yi ɗan tunani. "Wallahi ban ƙara duba rigar ba, 'yata. Fuskarta nake kallo."

Ya sa hannunta cikin na Hazim, ya ce Allah ya yi musu albarka, ya sa albarka a kansu, ya haɗa su cikin alheri. Muka amsa da amin, har da waɗanda suka yi ta surutu a da. Allah ya zaunar da su lafiya, ya ji ƙan Fidda da namu da suka riga mu.